Gugan Farko

Ihu ne ya fito da ni daga madafa da ludayi a hannu. Ihun mutane da yawa a lokaci guda, maza da mata, kuma mu mutanen Diffa, tun da muka ga abin da muka gani, kunnenmu ba ya wasa da irin wannan ƙara. Ina fitowa na tarar da yarana sun haɗa kai a kan tabarma, sun zuba wa wayar ubansu ido. Ashe wasu bayin Allah ne a can wata ƙasa mai nisa aka ɗaure cikin wani jirgi marar rufi, ya bi dogo da su ya hau sama, ya tsaya kamar ya fasa tafiyar, sannan ya sako su ƙasa da ka. Da ƙafarsu suka je, suka bi layi, don a tsorata su.

Kallon ma bai dame ni ba kamar gardamar da ta biyo baya. Babban ɗana ya rantse baɗi za a gina wanda ya fi wannan tsawo, wai har an hango ƙarafan a jibge a bayan shinge. Ƙanwarsa ta ce shi dai bai san komai ba, masu bin labarin a waya sun ce na iyali za a yi, mai tafiya a hankali, wanda kakanni da jarirai za su iya shiga. Har launin fentin da ake zaton za a shafa sun sani. A cikinsu kuwa babu wanda ya taɓa wuce Damagaram. Mahaifiyata tana gefe a inuwar bango tana jan carbi, ko kai ba ta ɗaga ba. Na ɗaga ludayi zan yi faɗa, sai dariya ta ƙwace mini, domin wannan gardama a gidanmu ta girme su duka. Gadonta suka yi, ba su sani ba.

A wani ƙauye na bakin Komadugu na tashi, gabas da Diffa, inda shekara ba ta da wani lissafi sai na kogi. Da bazara yashi ne zalla, mu yi ta tsere a cikinsa. In damina ta kama sai labari ya riga ruwa isowa, a ce kan ruwa ya wuce gari kaza, mu yara mu kwasa mu tafi tarbarsa, yana tafe a hankali yana turo kumfa da busasshen ganye. In ya cika, aikin tattasai ya tashi ke nan. Lokacin sanyi kuwa duk inda ka duba ja ne, a gona ja, a kan yashi an shanya ja, a bisa rumfa ja, har awakinmu suna atishawa. Wanda ya tashi cikin wannan ƙamshi, ko a tasha ya ji shi a buhun wani sai ya waiwaya.

Ni ɗiyar fari ce. In a ƙasarmu ka tashi, na gama yi maka bayani. In ba haka ba, to saurara. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da zamansa. Kunya ce, kuma a wurinmu kunyar nan ado ne ga mace. Mahaifiyata kuwa daga wajen Maine aka auro ta, ɗiyar masu kiwo, inda kunyar ta ninka tamu. Ana yaye ni aka miƙa ni sashen kakannina, a cikin gida guda, zana ce kawai tsakani. Ƙannena suna ce mata Inna, su haye cinyarta, ta yi wa matan kitso tana yi musu faɗa da suna ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannen babana suna faɗi. Ita kuma in ta matsu sai ta ce mini "ke", in da wani take magana ta ce "waccan", ko "ta wajen tsoho".

Kada ka ce mugunta ce. Sau da yawa nakan tona tuwona in tarar an binne tsokar kifi mafi kyau a ƙasa, ba wanda ya ce shi ya sa. In zazzaɓi ya kama ni, da safe nakan ga sawun ƙafarta a bakin ɗakin Iya, kakata mace ke nan, ya zo ya tsaya ya juya. Duk na san wannan. Amma sani ba ya ƙosar da yaro. Ni hannunta nake so a jikina, kuma ina so in ji yadda sunana yake a bakinta, ko sau ɗaya. Na sha laɓewa a bayan rumbu ina kwaikwayon muryarta, in kira kaina in amsa, abin bai taɓa yin daidai ba.

Wanda ya cike mini wannan gurbi, iyakar iyawarsa, shi ne Kaka, mahaifin babana. Dogo ne siriri, mai faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba, mai saurin hucewa. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, kullum yana ƙorafin ban iya dama fura ba, sakina zai yi. Shi ne na ƙarshe a ƙauyenmu da ya riƙe jigo bayan kowa ya koma injin ban-ruwa. Ƴan yanzu ba su san jigo ba. Dogon itace ne a kan gwafa a bakin gaɓa, gindinsa da curin laka mai nauyi, bakinsa da igiya da guga. Ka ja igiya guga ya nutse, ka sassauta nauyin lakar ya ɗago maka shi cike, ka juye a hanyar ruwa, ruwan ya bi fangali bayan fangali har ƙarshen gona. Kaka ya ce shi ba zai ajiye abin da sai an shayar da shi mai kafin ya shayar da shuka ba. Kukan itacen nan, ƙiii, ƙiii, shi ke tashe ni kowace safiya.

Ƙanin babana, wanda muke kira Baba Ƙarami, shi ke kai buhunan tattasanmu Maiduguri. Wata shekara Sallah ta riske shi a can, ya dawo da takalmi mai ƙara da hoto a aljihu. A hoton yana tsaye ya riƙe ƙugu, a bayansa wata irin ƙafar keke ta ƙarfe da ta fi kuka tsawo, an rataya mata akwatuna kewaye. Hoton ya zaga hannun kowa a gindin tsamiyar ƙofar gida kafin ya iso wurin Kaka. Ya nisanta shi da ido, ya karkata shi, ya bi akwatunan da farce.

"A'a, mutanen nan sun yi aiki," ya ce. "Ga guga, ga guga, ga guga. Wannan ai zai shayar da gari guda. To ina ruwansa?"

"Ina ruwansa da wa, Baba?" in ji Baba Ƙarami.

"Ruwan da yake ɗebowa nake tambaya, kai sakarai. Ban ga kogi a hoton ba."

"Ai ba ruwa yake ɗebowa ba. Lilo ne. Mutane ake zubawa a ciki."

"A kai su ina?"

"Sama. Sannan a sauko da su."

"Inda aka ɗauke su?"

"Nan dai."

Kaka ya miƙa masa hotonsa, ya ce Allah ya ba mutanen birni aikin yi. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Muka ɗauka magana ta ƙare, ashe ranar ta fara.

Abin ya shiga ran tsohon nan ya zauna. Ya yanke hukunci cewa ƙirar ba ta da laifi, wurin kafawa ne aka kuskure. A lokacin kuma, kamar kullum, akwai raɗe-raɗin za a kawo irinsa Diffa. Yau a ce gwamna ne ya yi alkawari, gobe a ce wani attajiri ne da ya dawo daga Libiya, jibi direban da ya zo ɗaukar tattasai ya rantse ya ga kayan a kan tirela a hanyar Gure. Kaka ya ce ko wane ne zai kawo, in yana da hankali, a bakin Komadugu zai kafa. Gugan ƙasa ya nutse ya ɗebo, na sama ya juye a gona, mutane kuma su zauna a na tsakani su sha iska. Ga wasa, ga ban-ruwa. Kowace la'asar, muna zaune muna cire wa tattasai hanci, sai a buɗe zancen, kai ka ce gobe za a fara haƙa rami.

Ba a daɗe ba muka rabu gida biyu. Baba Ƙarami ya ba da labarin wani abu da ya gani a talabijin ɗin wani shago, jirgin da ke gudu a kan dogo ya murɗe ya kifa da mutane, irin dai wanda yarana ke kallo yau. Samari duk suka bi shi. Suka zana dogon a ƙasa da tsinke. Zai tashi daga kasuwar Diffa, ya hau ta saman asibiti, ya gangaro ya tsallaka kogi ya shiga Nijeriya, ya dawo. Aka yi kwanaki ana musu a kan ko zai tsaya a duwan, wato shingen kwastan na kan iyaka, har wani ya ce da irin wannan gudu, kafin ma'aikaci ya ɗaga hannu an wuce da buhunan kowa. Kaka ya ƙi jirgin ƙememe. Ya tambayi wa zai ɗauko masa hularsa in ta faɗi a wata ƙasa. Ya ce abin hawan da ba zai ɗauki tsohuwa da mai goyo ba, ba na gida ba ne, na marasa dangi ne. Mu ƴan mata da ƙananan yara muka tsaya a bayansa, aka sa mana suna ƴan guga.

Babban aikin da ya ba kansa shi ne rabon wurin zama, kuma aiki ne, don a gida irin namu ba kowa ke zama da kowa ba. Suruki ba ya fuskantar suruka. Ƙani ba ya miƙe ƙafa a gaban wa. Kullum sai ya sake rabon, wanda ya ɓata masa rai da rana, da yamma zai tsinci kansa a guga ɗaya da jakin maƙwabci. Guga guda ne kawai bai taɓa sauyawa ba. "Gugan farko," yakan ce, yana ɗaga murya fiye da yadda ake buƙata, "ni da Amaryata da uwarta." Mutane su kwashe da dariya, don ba a taɓa jin haɗin da ya fi wannan wuya ba, suruki da matar ɗansa da ɗiyar fari a akwati ɗaya. Ya ce shi zai ba mu baya ya fuskanci kogi, ba ruwansa. Mahaifiyata tana bayan zana tana daka. Nakan kasa kunne in ji ko taɓaryar za ta yi tuntuɓe, amma ba ta taɓa sauya sauti ba.

Ni ba iskar sama ce ta dame ni ba. Wata magana ce Baba Ƙarami ya yi cikin raha ya wuce, ni kuwa na tsince ta na ɓoye. Ya ce in gugan ya juyo zai gangaro, sai ka ji hanjinka ya taso wuya, kowa ya cafke na kusa da shi. Da idonsa ya ga wani alhaji da babbar riga ya rungume yaron da bai sani ba, yana kiran uwarsa. "A can sama babu kunya," ya ce, "a ƙasa ake barinta tare da takalmi."

Na kwana biyu ina juya wannan magana, sannan na sami Kaka a bakin jigo shi kaɗai. Na ce, "Kaka, in gugan ya gangaro, Yaya za ta riƙe ni?"

Bai daina jan igiya ba. Ya juye guga, ya sake nutsar da shi, ya juye. Sai da na fid da rai sannan ya ce, "Za ta riƙe ki. Har suna za ta kira."

Wata rana da hantsi ana cikin tsinkar tattasai, kogi ya cika har yana lasar saiwar itatuwa, mata sun bazu a gona da ƙorai. Kaka ya kwance gugan jigonsa, ya ɗaura wani tsohon buhu a madadinsa, ya naɗe shi kamar na goyo. Ya juya bakin itacen daga kan ruwa ya dawo da shi kan tudu. Ya ce, "Amarya, zo ki gwada mini lilon nan kafin na gwamna ya iso." Na shiga buhun na kama igiya. Ya koma gindin ya danna curin lakar da ƙirjinsa, sai ga ni ina barin ƙasa.

Ban taɓa ganin duniya daga sama ba sai ranar. Na ga ƙetaren kogi, da masu tsallakawa a kan gora da kayansu a ka. Na ga shanyar tattasai shimfiɗe har gindin goruba, na ga tsakar gidanmu da akuyar Iya tana satar dusa. Ina cikin washe baki sai tsohon nan ya ɗaga ƙirjinsa ba zato, na taho ƙasa da gudu kafin ya tare. Ihun da na yi ba na wasa ba ne.

Ƙwarya ta faɗi a cikin gona. Na ga mahaifiyata ta taho a guje tana tattaka shukar da ta yi wata da watanni tana lallaɓawa, gyalenta ya zame, hannuwanta a miƙe. Bakinta ya buɗe, na rantse na ga farkon sunana a leɓenta. Sai idonta ya faɗa kan Kaka. Ta tsaya cak. Ta durƙusa a wurin, ta jawo gyale ta rufe kai, ta dubi ƙasa, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, igiyar nan taku ta tsufa." Ta juya ta tafi tsintar tattasan da ya zube.

Kaka ya fito da ni daga buhu ina kuka, rabi na tsoro, rabi na takaici. Ya share mini fuska da bakin rigarsa mai warin laka, ya sunkuyo ya ce, "Kin gani? Saura kaɗan. Jigon ne bai yi tsawo ba." Ranar Iya ta wanke shi tas, ta ce tsufa ya fara taɓa masa kai, ta hana shi fura. Shi kuwa yana ta murmushi shi kaɗai. Daga nan, duk lokacin da aka buɗe zancen lilon Diffa, sai ya ƙara masa tsawo.

Shekaru suka yi ta tafiya ba a kafa komai ba. Aka sa ni lakwal, makarantar boko, a Diffa, na zauna wurin wata gwaggota, na yi aure a nan. Ƙarfin Kaka ya ragu, babana ya sayi inji, jigo ya tsaya a bakin gaɓa tsuntsaye na sauka a kai. Amma ko da ciki na je ganin gida ko da goyo, gaisuwarsa guda ce, "Amarya, an fara haƙa ramin?" In ce tukuna, Kaka. Ya ce to su yi sauri, shi ba zai jira su har abada ba. Mahaifiyata kuma ta karɓe jaririna ta yi ta juyi da shi tana yi masa kirari, ni ko kallo ban ishe ta ba. Na girma, na san al'ada, har nakan kare ta a gaban ƙawayena na lakwal. Amma abin nan na bayan rumbu bai bar ni ba.

Sai fitina ta zo daga ƙetare. Ba zan ba ka labarinta ba, ka ji shi a wurin waɗanda suka fi ni ƙarfin zuciya. Aka ce duk na bakin ruwa su tashi. Mutanenmu suka bar tattasai ja a gona, suka ɗora abin da amalanke zai iya ɗauka, suka kafa bukkokin zana da leda a gefen kwalta wajen Assaga, inda ruwan sha ma sai mota ta kawo a zuba a duro, irin shuɗin nan na roba. Kaka, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗebo kogi da hannunsa, ya koma zaune yana kallon jikoki a layin ruwa. Na so in ɗauke shi zuwa gidana cikin gari, ya ƙi, ya ce daga nan ya fi kusa da gonarsa.

Ziyarata ta ƙarshe na same shi kwance, ya zama ƙashi da fata, amma bakin yana nan. Ya ce ya sake tunani. Kada a damu da ban-ruwa yanzu, a kafa lilon ko a ina ne, in dai zai yi tsawon da mutum zai hango gonarsa. Na ce to, zan gaya wa gwamna. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ɗaga murya, irin ɗagawar da, ya ce, "Rabon dai yana nan yadda yake. Gugan farko." Mahaifiyata tana bakin bukka ta ba mu baya tana hura wuta. Bai kai damina ba.

Bayan babana ma ya bi shi, mahaifiyata ta dawo wurina da zama, ba don ta so ba. Zaman gidan suruki a wurinta ya fi ciwo ciwo, amma ƙannena sun watse neman abinci, wasu Yamai, wasu arewa. Ga mu gida ɗaya, ni nake zuba mata abinci, ita ke renon yarana, kuma har yanzu ni ce "ke", ita ce Yaya.

Bara da ƙaramar Sallah yara suka shigo a guje suna cewa an kawo lilo. Ba gwamna ba ne, ba attajirin Libiya ba. Wani mai walda ne a unguwarmu, cikin waɗanda suka gudo daga ƙetare, ya tara ƙarafan tsofaffin gadaje da na amalanke, ya haɗa ƙafar keke a filin bayan lakwal. Babu inji, samari ne ke rataya su juya ta da nauyin jikinsu. Tsawonta kaɗan ya ɗara rufin gidaje. Jikoki suka kama gyalen kakarsu sai ta je ta gani, na bi su a baya.

Muna isa na ƙura wa lilon ido. Wuraren zaman da duro aka yi su, shuɗin nan na ruwan sansani, an raba biyu an sa katako a ciki. Guga ne sosai, kuma wanda ya ɗebi ruwa har ya gaji. A raina na ce, Kaka, ga ruwansa.

Mahaifiyata ta tsaya nesa ta rufe rabin fuska, tana kallo ana zuba yara ana saukewa. Ta daɗe a haka. Da aka tsayar don a sake lodi, sai na ji ta yi magana, ba da ni ba, da iska.

"Tsoho ya ce gugan farko namu ne."

Ashe tana ji. Duk shekarun nan, a bayan zana, a bakin bukka, taɓarya na tafiya daidai, ashe tana ji.

Matan da ke wurin suka fara dariya suna tafa hannu, wai tsohuwa za ta hau lilo. Mai waldan ya ce, "Mama, bismillah, kada ku ji komai, ƙarfen nan orijina ne." Ta tuɓe takalmanta ta jera su a ƙasa, ta shiga ta zauna, ta matsa ta bar mini wuri a gefenta. Wani yaro ya zo zai haye katakon da ke gabanmu, ta ɗaga masa hannu. "Wurin da mai shi," ta ce.

Kafaɗarta tana gogar tawa, abin da ban taɓa sani ba tun da na yi wayo. Samari suka rataya, duron ya yi ƙara ya tashi. Rufin gidaje ya koma ƙasa da mu. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta ɓoye komai, sai ga layin itatuwan bakin kogi ya miƙe ya yi gabas, inda ba mu da halin zuwa. Ta nuna da haɓa. Sai gugan ya juyo. Samarin nan, ƴan banza, da suka ga sun sami tsohuwa sai suka ƙara ƙarfi, muka taho ƙasa hanjina a wuya.

Ta cafke wuyan hannuna. Tafinta kaushi ne da shi, na shekarun tattasai, riƙon har da zafi. Ta kira sunana. Sunan yanka, cikakke, ba a gutsure ba, da irin lanƙwasar harshen mutanen Maine, wadda duk kwaikwayona na bayan rumbu bai taɓa kamowa ba. Ni uwar yara, da furfura ta fara leƙo mini a goshi, a gaban unguwa guda, na fashe da kuka na ce, "Na'am, Inna."

Ba ta sake ni ba har aka tsaya. Ta sauka, ta sa takalmanta, ta gyara gyale, ta ce, "Ke, ɗaura ɗankwalinki, mutane na kallo." Daga ranar ba ta sake kira ba, ni ma ban nema ba. Mai waldan ya kwance lilonsa bayan Sallah, na ji an ce ya kai shi Maine.

Zamani ya sauya. Ni babban ɗana tun safe nake ƙwala masa kira da suna, a kan takalmi, a kan cefane, har sunan ya tsufa a bakina, shi kuma sai na gaji da kira yake amsawa. Ban ce tamu ta fi tasu ba, ban kuma ce tasu ta fi ba. Na dai san abin da kunya ta ci mini, na kuma san nauyin sunan da aka ajiye shekara da shekaru ba a taɓa ba. Shi ya sa in na ji yara suna gardamar abin hawan da ba a gina ba, a ƙasar da wataƙila ba za su taɓa zuwa ba, ba na ce musu aikin banza suke yi. Mu ma haka muka yi a gindin tsamiya, kuma ba lilon ne ya dame mu ba.

Ranar nan da na fito da ludayi gardama ta ƙi ƙarewa, sai ɗiyata ta juya wajen inuwar bango ta ce wa kakarta, "Inna, ke raba mu. Wanne ya kamata a gina, mai tsawon ko mai tafiya a hankali?"

Mahaifiyata ta kai ƙarshen carbinta ba gaggawa. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "A gina mai tsawon. Ni da waccan za mu hau."

Ranar miya ta kama a tukunya, kuma ba wanda ya isa ya yi mini magana.